Cinya Ba Kujera Ba Ce: Yadda Uwa Za Ta Kare Ɗanta a Hanyoyin Gusau

A Gusau, uwa mai ƙaramin yaro ba ta rabuwa da titi. Yau allurar riga-kafi a asibitin mata da yara na King Fahad, gobe kai babban yaro makaranta, jibi suna a Bunguɗu, mako mai zuwa biki a Tsafe, ga ziyarar Sallah da ba a fashinta. Wata a motar maigida take zuwa, wata da kanta take tuƙawa, mafi yawanmu kuwa Keke Napep ne, ko kabu-kabu, ko motar tasha. Abin hawa ya bambanta, amma mazaunin jariri ɗaya ne: in ba goye yake a baya ba, to yana kan cinya, an rungume shi a ƙirji.

Babu mai ganin laifin hakan. Tun ranar haihuwa jikin uwa ne mafakar ɗa. A nan yake samun ɗumi, a nan yake shan nono, a nan kukansa ke tsayawa. Haka abin yake a ɗaki, haka a tsakar gida, haka a kasuwa. Wuri ɗaya ne hannun uwa ke gazawa komai ƙarfinsa, shi ne cikin motar da ke gudu. Dalilin lissafi ne na nauyi da sauri, kuma lissafin ba mai wuya ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma kashi 92 cikin 100 nasu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke. A tsakanin masu shekara 5 zuwa 29, babu wata cuta da ta kai hatsarin hanya kisa a duniya. Muna kwana da gidan sauro saboda zazzaɓi, muna bin layin riga-kafi saboda ƙyanda. Hanya ma tana da nata riga-kafin.

Abin da ke faruwa a ƙiftawar ido

Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, wato gudun da doka ta yarda da shi a cikin gari, tana cin kusan mita 14 a kowane sakan. Duk abin da ke cikinta ma gudun nan yake yi: direba, uwa, jariri, gorar ruwa da kular abinci. Don muna zaune ne shiru ba ma jin saurin a jikinmu. Idan motar ta daki wani abu ta tsaya cak, ƙarfen ne kaɗai ya tsaya. Mutanen ciki za su ci gaba da tafiya da wancan gudun har sai wani abu ya tare su, ko bel, ko bayan kujera, ko gilashin gaba, ko kwalta.

A ɗauki yaro ɗan shekara guda mai nauyin kilo 10. Idan motar ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, kamar yadda ake samu a karo, ƙarfin da zai fizge shi daga hannun uwarsa ya kai nauyinsa sau 14. Kilo 140 ke nan, kusan buhun siminti uku, kuma a lokaci guda, ba tare da gargaɗi ba. Babu macen da za ta iya riƙe wannan, babu namijin da zai iya. Kafin ƙwaƙwalwa ta ce wa hannu ya ƙanƙame, an riga an gama.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Uwar da ba ta ɗaura bel ba ita ma gaba za ta yi, da nata nauyin da ya ninku. Mai kilo 60 za ta danna abin da ke gabanta da ƙarfin da ya haura kilo 800, kuma abin da ke tsakaninta da kujerar gaba shi ne ɗanta. Saboda haka ne ba a haɗa uwa da jariri a cikin bel ɗaya: jikinta zai matse shi a jikin bel ɗin. Wadda ta shiga mota da goyo a baya ta jingina kuwa, in an bugi motar ta baya, yaron ne zai shiga tsakaninta da kujera.

Wani abu kuma game da gudu: idan ya ninka sau biyu, ƙarfin bugun sau huɗu yake ninkawa. Karo a kilomita 100 ya ninka karo a kilomita 50 sau huɗu. Wannan ƙa'ida ce ke bayan duk abin da za a faɗa nan gaba.

Jikin jariri da kujerar da ta dace da shi

Halittar jariri ta bambanta da ta babba. Kansa ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, kuma yana da nauyi ƙwarai idan aka gwada da sauran jikin. Ƙasusuwan wuyansa ba su gama ƙwari ba, shi ya sa muke tallafar ƙeyarsa in za mu ɗaga shi. Idan yana fuskantar gaba aka yi karo, ko da an ɗaure jikin, kan zai fizgu gaba ya ja wuyan, lakar da ke ciki kuma ba ta jure miƙewa.

Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, shi ne ya gano mafita a farkon shekarun 1960. Ya lura da yadda ake kwantar da 'yan sama jannati a bayansu lokacin da kumbo zai tashi, don ƙarfin ya bazu a duk faɗin baya. Sai ya tsara kujerar yara mai juya wa gaba baya. In an yi karo, kai da wuya da gadon baya duk tare suke nutsewa cikin kujerar, babu gaɓar da ke ɗaukar bugun ita kaɗai. Har yau a Suwidin yara da yawa a haka suke zama sai sun kai kusan shekara huɗu. Dokar Turai ta yanzu ta ce kada a juyo da yaro gaba kafin wata 15. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara na iya rage mutuwar jarirai a mota da kashi 71 cikin 100.

Matakan uku ne. Jariri yana zama a kujera mai kallon baya muddin tana ɗaukarsa. In ya fi ƙarfinta, sai mai kallon gaba wadda ke da nata igiyoyin da ke bi ta kafaɗu da ƙugu da tsakanin cinyoyi. Daga nan sai matashin ɗagawa, wanda ke ƙara masa tsawo don bel ɗin manya ya bi ta kafaɗa da ƙashin ƙugu maimakon wuya da ciki. Sai yaro ya kai tsawon santimita 135 zuwa 150 ne bel ɗin manya ke zauna masa daidai.

Sayen kujera rabin aiki ne, ɗaura ta daidai shi ne sauran. Motoci da yawa 'yan Kwatano suna da ƙugiyoyin ƙarfe biyu a ɓoye tsakanin mazauni da majinginar kujerar baya, ana kiransu ISOFIX, don wannan aiki aka yi su. In babu, bel ɗin motar ake zurawa ta inda hoton jikin kujerar ya nuna, a ja shi tamau har kujerar ta daina rawa. Igiyar jikin yaro ma a matse ta yadda ba za a iya tsunkulo ta da yatsu biyu ba. Lokacin hunturu a cire masa rigar sanyi mai kauri, a ɗaure shi, sannan a lulluɓa bargo a sama, domin kaurin rigar yana barin sarari. Wadda za ta sayi ta hannu ta duba kada ta kasance da tsagewa, igiyoyin su cika, makullin ya riƙa kamawa da ƙara, kuma ta karanta ranar ƙarewar aiki da ake bugawa a jikin robar. Sabon haihuwa kada ya wuce kimanin awa biyu a ciki ba a fito da shi ya miƙe ba, kuma kujerar ta ɗan kwanta don kada haɓarsa ta faɗo kan ƙirji ta toshe numfashi.

Kujerar gaba kuwa ba ta yara ba ce. Jakar iskar da ke cikin allon gaba tana fashewa da gudun da kan kai kilomita 300 a awa, an kuma auna ta ne da ƙirjin babban mutum. Ga yaro, musamman wanda ke kujera mai kallon baya, bugunta kaɗai na iya kisa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda muka fi sani da 'yan Rod Sefti, tana hana zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a gaba. Uban da ke ɗora ɗansa a cinya yana tuƙi, yaro na wasa da sitiyari, ya sani cewa ya sa shi tsakanin ƙirjinsa da wannan jaka.

Sau da yawa ba kuɗi ne ke hana amfani da kujerar ba, kunya ce da nauyin manya. Kaka za ta ce, "Ke miƙo min shi nan, ya za a bar jinjiri shi kaɗai yana kuka?" Ba a yi wa surukuwa gardama, kuma ba a bukatar yi. Amsar ita ce, "Inna, ki zauna kusa da shi ki riƙa yi masa wasa, da mun tsaya sai ki ɗauke shi." In maigida ne ya fara faɗa wa mahaifiyarsa dalili tun a gida, zancen ya fi sauƙi. Yaron da aka saba masa tun yana jariri ba ya ƙin kujerar, barci ma yake yi a ciki.

Bel ɗin uwa

Injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, shi ne ya ƙirƙiro bel mai bi ta kafaɗa da ƙugu a 1959, kamfanin kuma ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. A Najeriya, hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 ta fara tilasta ɗaura shi ranar 1 ga Janairun 2003. Aikinsa biyu ne: yana hana mutum fita daga mota, kuma yana ɗora ƙarfin bugun a kan ƙasusuwa masu ƙwari. Yana rage haɗarin mutuwa da abin da ya kai rabi.

Mu da yawa mun ɗauke shi kayan direba, wanda ake ratayawa in an hango jami'ai. Mai zama a baya ma tana bukatarsa, don kare kanta da kare na gabanta. Masu cewa bel zai hana su fita in wuta ta kama, su tuna cewa wanda bai suma ba ne ke iya buɗe ƙofa, kuma bel ne ke hana kai buguwa.

Mai juna biyu ta fi kowa bukatarsa. Igiyar ƙasa ta bi ƙarƙashin ciki, a kan ƙashin ƙugu, kada ta hau kan cikin. Ta sama ta bi tsakanin ƙirji ta gefen ciki zuwa kafaɗa, kada a tura ta ƙarƙashin hamata. In an yi karo, ko da ƙarami ne kuma ba ta jin ciwo, ta je asibiti a duba ta, domin mabiyiya na iya ɓallewa ba tare da alama ta fito nan da nan ba.

Hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato

Babbar hanyar da ta taso daga Zariya ta bi Funtuwa, ta shigo Zamfara ta Tsafe, ta wuce gindin dutsen Kwatarkwashi, ta ratsa Gusau, ta nufi Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara har Sakkwato, ita ce jijiyar wannan yanki. Tireloli da tankokin mai da motocin shanu da na hatsi duk ita suke bi, tare da ƙananan motocin haya da babura. Shekara da shekaru hannu ɗaya ce, mai zuwa da mai dawowa layin fenti ne kawai tsakaninsu. Gwamnatin Tarayya ta ba da aikin mayar da ita tagwaye, kuma duk inda ake aiki akwai karkatar da hanya da ƙura da tulin ƙasa, waɗanda ke bukatar ƙarin kula.

Mu a Zamfara muna da wani nauyin da littafin koyon tuƙi bai san da shi ba. Matsalar 'yan bindiga ta sauya yadda ake tafiya. Kowa na so ya isa kafin rana ta yi sanyi, babu mai son tsayawa a daji, kuma akwai wuraren da direba ke taka totur har ƙasa, fasinjoji na salati ba mai ce masa ya rage. Wannan tsoro gaskiya ne, babu mai raina shi. Amma ya kamata a san abin da gudun ke saye da abin da yake ci.

Daga Gusau zuwa Funtuwa ya ɗan haura kilomita 100. Mai tafiyar kilomita 100 a awa zai ci wannan tazara cikin kimanin awa guda. Mai tafiyar 120 minti goma kacal zai rage, amma ƙarfin bugunsa ya ƙaru da kashi 44 cikin 100. Dokar hanya ta Najeriya ta ba ƙaramar mota kilomita 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. A gudun 100, mota na cin mita 28 a sakan. Kafin direba ya ga rami ko saniya ya ɗaga ƙafa zuwa birki, ya ci mita 30 zuwa 40. Birkin kansa, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau, yana bukatar sama da mita 50. Jimilla kusan mita 100. A hazon hunturu ko ruwan Agusta, sau da yawa ido ba ya kai wannan nisa.

Wuce tirela shi ne wuri mafi haɗari. Ƙaramar mota na bukatar sakan shida zuwa goma a hannun da ba nata ba, kuma a wannan lokaci mai tahowa ma gudu yake yi. Sai an ga fili na mita 300 zuwa 600 kafin a fita. A kwana, a kan tudu, a bakin gada ko a cikin ƙura, ba a ganin wannan fili.

Maganin tsoron yamma shi ne sammako. Iyalin da suka shirya kaya tun dare, suka tashi bayan gari ya waye motoci sun fara zirga-zirga, ba su da dalilin gudun wuce sa'a. A shayar da jariri a sauya masa ƙunzugu kafin a tashi. A tsara inda za a tsaya tun daga gida, a cikin gari inda jama'a suke, kamar Tsafe ko Funtuwa ko Talatar Mafara. In ya yi kuka a tsakani, kukan minti goma ba ya cutar da shi kamar fitar da shi daga kujera mota na gudu. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

A tasha

Wadda ba ta da motar gida fa? Ita ce mafi yawa, kuma ita ta fi fuskantar haɗari. A tasha, Golf ko Sharon ba ta tashi sai an sa biyu a gaba, huɗu a layin baya, kaya sun rinjayi but. Ɗan kamasho zai ce, "Hajiya, aza ɗiyan bisa ƙafa, mutum guda muka jira." Direban ma yana da nasa lissafin: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin fetur ya ninka, ga balas na mai mota, ga kuɗin yuniyon. Amma lodin da ya wuce kima yana tsawaita nisan birki, yana zafafa taya, yana sa mota tangaɗi a kwana, kuma inda mutum huɗu suka zauna a mazaunin uku babu mai iya ɗaura bel.

Duk da haka uwa tana da zaɓi. Ta ƙi kujerar gaba ko da an ba ta don girmamawa. In da hali ta biya wa yaro kuɗin mazauni, domin wanda ya haura shekara uku, zama a baya da bel ɗin manya ya fi masa zama a cinya nesa ba kusa ba. In jariri ne kuma babu kujerarsa, ta kwance goyon, ta ɗaura bel a jikinta ita kaɗai, ta riƙe shi a wajen bel ɗin, tana sane da cewa wannan rage asara ne kawai. Ta shiga mota a tashar da ake rubuta sunayen fasinjoji, ta guji ta bakin hanya. In ta ji warin fetur daga jarka a cikin mota, ta sauka.

Ta kuma dubi taya kafin ta shiga. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Lamba 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Roba na tsufa ko da zanenta bai cinye ba, kuma manyan masu ƙera taya suna cewa a riƙa bincikarta duk shekara in ta kai biyar, a jefar da ita in ta kai goma. Tayoyi 'yan Beljiyam da yawa sun ci rabin rayuwarsu kafin su iso mu. Tayar da ta kumbura a gefe ko ta tsattsage, kwaltar bazara ba za ta bar ta ba. Mai motar gida ya riƙa kai ta wurin mai faci a auna iska da safe kafin ta yi zafi, bisa adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, domin ƙarancin iska ne ke dafa taya har ta fashe. In ta fashe ana gudu, ba a danna birki da ƙarfi. Ana riƙe sitiyari da hannu biyu, a saki totur a hankali har motar ta lafa.

Sai magana. Mu mata mukan yi shiru don kada a ce mun cika baki. Cewa "Malam direba, don girman Allah a sassauta, akwai yara a motar" ba rashin kunya ba ne. Da mutum ɗaya ya fara, sauran fasinjoji sukan mara masa baya. Haka in direba na amsa waya ko yana gyangyaɗi.

Keke da kabu-kabu

Keke Napep ba shi da ƙofa, ba shi da bel, kuma ƙafa uku gare shi, shi ya sa yake saurin kifewa in an sha kwana da gudu. Yaro ya zauna a tsakiya, manya a gefe, kada a bar shi tsaye yana riƙe da ƙarfe, kada kuma a ba shi gefen direba. A sauka ta ɓangaren da ba motoci, uwa ta fara sauka sannan ta sauko da shi.

Babur ya fi kowanne haɗari. Goyon da ke baya shi ne farkon isa ƙasa in an faɗi ta baya, kuma babu hular kwano da ta dace da kan jariri. In akwai keke, ko da ya fi tsada, a bar babur. In dole ce, uwa ta tattare hijabi da bakin zane ta danne, domin taya da sarƙa suna kama su cikin sakan guda su fizgo mutum ƙasa. A kula da ƙafar yaro da salansa mai zafi da kuma wayoyin taya. Jera yara uku ko huɗu a babur ɗaya zuwa makaranta, har da wani a kan tanki, abu ne da ya kamata iyaye su daina yarda da shi. Ga manya, hular kwano mai kyau tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100.

Yaro mai tafiya a ƙasa ma yana hannunmu. Kafin ya kai kimanin shekara goma ba ya iya auna saurin motar da ke tahowa. A riƙe shi a wuyan hannu, a sa shi ta ɓangaren da ba titi. A garuruwan da babbar hanya ta raba biyu, irin Tsafe da Bunguɗu, tsallakawa ranar kasuwa aikin babba ne. Masana sun yi ittifaƙi cewa inda mutane da motoci ke cakuɗuwa, gudun da ya dace shi ne kilomita 30.

Motar da ke tsaye

Mota na iya cutar da yaro ko ba ta motsa ba. A watan Maris da Afrilu zafin Gusau na kai digiri 40. Motar da aka rufe a rana, zafin cikinta na iya ƙaruwa da kusan digiri 10 cikin minti goma, kuma jikin yaro na ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar fiye da na babba. Sassauta gilashi ba ya hana wannan. Ba a barin yaro a mota don shiga shago ko banki, ko yana barci. A gida kuma a kulle motar a ɓoye makulli, har da matacciyar motar da aka jingine a lungu, domin yara kan shiga wasan ɓuya ƙofa ta rufe da su.

Lokacin fitar da mota daga gida, mai rarrafe ko ɗan tatata ba ya fitowa a madubi. Kafin maigida ya tayar, a ƙirga yara, a ga kowa a hannun wani. A gefen ƙofofin baya kuma akwai ɗan maɓalli da in an tura shi ƙofa ba ta buɗuwa daga ciki. Minti ɗaya ya isa a kunna shi.

In abin ya faru

Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, kyauta ce, ya kamata ta kasance a wayar kowace uwa. A fara da tsayar da motoci masu tahowa don kada a yi karo na biyu. Kada a fizgo wanda ya ji rauni ta hannu ko ƙafa sai in akwai wuta, domin karayar wuya ko baya na iya zama shanyewar jiki a wurin ɗagawa. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa, zai iya shaƙe shi. Jaririn da ke cikin kujerarsa a ɗauke shi da ita. Yaron da ya bugu a kai a kai shi asibiti ko da ya tashi yana wasa, musamman in ya yi amai ko barci ya rinjaye shi. A Gusau akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. A fara da asibiti a ɗauki hoto kafin a yi zancen mai ɗori.

Nauyin kowa

Mun yi imani da ƙaddara, muna addu'ar hawa abin hawa, kuma ba za mu daina ba. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya kore riƙon sababi. Wanda ya kulle ƙofarsa da dare bai yi jayayya da ƙaddara ba, haka wanda ya ɗaure ɗansa a mota.

Uwa ita kaɗai ba za ta iya ba. Maigidan da ya iya sayen mota ya sa kujerar yaro a cikin kuɗin motar, ya saye ta tun kafin haihuwa don jariri ya dawo gida daga asibiti a cikinta. Dangi da ƙawaye masu haɗa kayan barka su tuna da ita, kuma wadda ɗanta ya girma ta miƙa wa ƙanwarta. Ma'aikatan jinya su ƙara wannan bayani a ranar awo da ranar riga-kafi, inda iyaye mata suka fi taruwa. Shugabannin yuniyon su hana motar da tayarta ta mutu yin lodi. Gwamnati ta sa alamomi da tudun rage gudu a gaban makarantu da kasuwannin da ke bakin babbar hanya. Limamai su taɓo zancen a huɗuba, musamman gab da Sallah lokacin da hanya ke cika.

Ke kuma 'yar'uwa, fara da abin da ba ya cin ko sisi: yara a baya, bel a jikinki, goyo a kwance kafin a shiga mota, tafiya da sassafe, da baki mai iya ce wa direba ya sassauta. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya raya mana zuriya.